Wakilinka Ba Ya Amsawa

Kumpadre Amaro ya sauko daga hawan sama inda yake zaune da sassafe, ban ma gama ɗora kofi ba. Mutumin da ba ya shiga kicin ɗina sai na kira na sake kira, ranar ko ƙofa bai ƙwanƙwasa ba. Ya ajiye wayarsa a kan tebur kamar wanda ya tsinci mushen ɓera a ɗakinsa, ya ja kujera ya zauna da hularsa a kai.

Ya ce, "Kumadre, karanta."

Na ce, "Ina kwana dai tukuna. Ku mutanen hawan sama ba kwa gaisuwa ne?"

"Karanta na ce."

Na goge hannu na ɗauko tabarau. Fuskar wayar fara fat, ba hoto ba komai, sai layin Turanci ɗaya a tsakiya. Turancina na kamfanin gyaran kifi ne, a bakin wuƙa na koye shi, amma wannan bai gagare ni ba. Cewa aka yi firoksi ba ya amsawa.

Mu tsofaffin New Bedford ma'ana ɗaya muka sani ga wannan kalma. Duk wanda ya taɓa kwanciya asibiti a nan an tambaye shi wane ne firoksinsa, wato wakilinsa, wanda zai yi magana a madadinsa ranar da baki ya ƙi motsi, ya ce a yi masa aiki ko kar a yi. Amaro kuwa wakili ɗaya gare shi, 'yarsa Idalina, ita kaɗai ya haifa. Ni na riƙe ta a coci ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa yake ce mini kumadre nake ce masa kumpadre, shi ya sa kuma duk rigimarsu a kicin ɗina take ƙarewa.

Ya ce, "Kin gani ko? Ta janye hannunta. Har sanarwa aka aiko mini."

Na ce, "Wa ya aiko?"

"Su mana. Hukuma. Wa ke aiko da irin wannan?"

Sai ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Na san Amaro Pimentel tun muna tsibirinmu na haihuwa, kafin mu ƙetaro teku, na gan shi ranar da aka binne matarsa, ban taɓa ganinsa a irin wannan hali ba. Tausayinsa ya kama ni, ga kuma haushi, don na san shi ya ja wa kansa.

Ga yadda abin ya faro. Amaro abu biyu yake yi da waya a duniya. Da safe ya duba hasashen yanayin teku, shi da ya bar jirgin kamun kifi tun gwiwoyinsa suna da sauran amfani. Da yamma ya buɗe jaridar tsibiri ya ga wa ya mutu. To a kakar bana wani shafi ya faɗo masa, ja wur, yana ƙara, wai cuta ta shiga wayarsa, ya kira wannan lamba maza. Shi kuwa sarkin wayo ya kira. Ya zauna ya ba wani ƙato ranar haihuwarsa, da sunan mahaifiyarsa, har yana gode masa. Allah ya taimaka Idalina ta shigo da cefane tana ji, ta fizge wayar kafin a kai ga inda ɓarna take. Aikinta ke nan dama, kwamfutocin wani ofis take kula da su a garin Taunton, can kuma take zaune. Ta tafi da wayar ta yi ƙarshen mako da ita, ta dawo masa da ita a ɗaure tamau.

Tun daga nan ya fara ƙunƙuni. Ya taɓa nan a ce an hana, ya taɓa can a ce akwai haɗari. Ranar Lahadin da ta wuce, muna cin miyar ganye da dankali a teburin nan, ya so ya nuna mini wani jirgi da aka sa a kasuwa, shafin ya ƙi buɗewa. Shi ke nan fa, ya aje cokali.

Ya ce, "Na ƙare ƙuruciyata a teku ba wanda ya riƙe mini hannu. Yau yarinyar da na goge wa majina ita ke zaɓa mini abin da zan kalla. Ko tambayata ba ki yi ba."

Idalina ta ce, "Pai," haka muke cewa Baba a tsibiri, "da na tambaye ka da ka ƙi."

"Da na ƙi mana. Ba wayata ba ce?"

"Shi ya sa ban tambaya ba."

Na ce su ci abinci kafin ya huce, ba wanda ya ko kalle ni. Halinsu ɗaya sak, taurin kan nan a jini yake. Ya nuna ta da yatsa ya ce ta je ta nemi wani tsohon ta yi ta juyawa, shi ba ya buƙatar mai gadi, ba ya kuma buƙatar wakili, in ya faɗi a bar shi inda ya faɗi. Ta tattara gashinta, dogon gashin nan da ba ta bari almakashi ya kusance shi tun rasuwar uwarta, ta cusa a hular sanyi, ta sumbace ni a kumatu ta fita. Robar miyar da na zuba mata ma a kan teburin kicin ta bar ta.

Washegari da yamma guguwar dusar ƙanƙara ta sauko, wuta ta ɗauke a rabin jihar. Da aka dawo da ita Amaro ya buɗe waya don ya ga yadda teku ta kwana, sai ya tarar da wannan layi.

Na ce, "Ka kira ta?"

"Ni zan kira ta?"

"A'a, Fafaroma ne zai kira ta."

Na ɗaga wayar bangon kicin ɗina na buga. Ta yi ta ringi har muryarta ta naɗe ta shigo tana cewa a bar saƙo. Na bari. Da rana na sake bugawa, haka. Zuwa yamma ni ma raina ya fara ɓaci. Na ce a zuciyata, yarinyar nan, fushi da uba daban, amma ni me na yi miki? Saƙo na uku da na bar mata ba zan maimaita shi a nan ba, na wanke ta tas da harshen tsibiri.

Abin da ya fi ci wa Amaro rai shi ne ranar da suka sa hannu a takardar wakilcin, bayan ciwon zuciyarsa na farko. Ina wurin. Ya yi ta jan jiki, wai ana so a binne shi da rai. Don ya daina mita, Idalina ta ce wa ma'aikaciyar asibitin ta ba ta wata takardar, ta cika tata ita ma, ta rubuta sunansa, ta ce, "To Pai, an yi kunnen doki. Ni taka, kai nawa." Ya yi dariya ya sa hannu. Ya ɗauka lallashi ne irin wanda ake yi wa yaro ya sha magani, ni ma haka na ɗauka. Yanzu sai maimaita maganar yake yi, wai ta ce ni taka, ga shi ko shekara uku ba a rufa ba.

Ranar bai ci komai ba. Na hau masa da fanke mai sukari irin namu, mai zafi, na sauko da shi yadda na kai. Da gari ya waye ya sake saukowa, wannan karon da kwat ɗin zuwa coci.

Ya ce, "Ki shirya ki raka ni asibiti. Sunanki zan sa."

Na ce, "Sunana? Kumpadre, ka sa sunana, ko mura ka yi zan ce a zare maka wayoyin in huta."

Bai yi dariya ba. Ya kira ni da sunana, ya ce, "Zulmira, ba ni da kowa."

Wallahi sai da na juya baya na yi kamar ina neman wani abu a firij. Idan ya je ya goge sunan yarinyar nan, na san su biyun, har kabari ba mai fara sauke kai. Na ce masa to, za mu je, amma sai mun biya laburare tukuna, Misis Andrade ta gaya mana ofishin da ya aiko sanarwar, don kar mu je mu yi ta bulayi. Dabarar jan lokaci ce kawai, ba wai na san wani abu ba.

Misis Andrade 'yar Cape Verde ce, ta manyanta, ita ke zama a teburin kusa da taga tana taya tsofaffi karatun takardun gwamnati da rigimar waya. Tana jin yarenmu, da irin nata karin harshen. Amaro ya miƙa mata wayar ya tsaya ƙiƙam, ya yi mata bayani kamar yana gaban alƙali. 'Yarsa ta janye daga wakilci, ga sanarwa, yana so ya san inda zai kai amsa.

Ta duba wayar, ta dube shi. Na ga dariya ta taso mata har bakin leɓe, sai ta kalli idonsa ta haɗiye abarta. Har gobe ina ganin girman matar nan saboda wannan haɗiyewar.

Ta ce, "Sinyor Pimentel, zauna. Wannan ba daga hukuma ba ne, ba kuma daga asibiti ba. Kalmar ce ɗaya, amma abu biyu ne."

Ya zauna a bakin kujera, bai yarda ba tukuna.

Ta ce, "Ka san yadda mutum in ba ya son fita, yake aiken wani kasuwa? Ɗan aiken ya je, ya duba kayan, ya zubar da ruɓaɓɓen, ya kawo mai kyau. To ana iya yi wa waya haka. Maimakon ta je ta ɗauko shafi da kanta, sai ta aiki wata na'ura. Wannan na'urar ita ma firoksi ake ce mata. Ita ce ba ta amsawa, ba mutum ba."

"Wace na'ura? Ni ba ni da wata na'ura."

"Bari mu gani."

Ta jawo kujerarta kusa da tasa don ya riƙa gani. Ta buɗe burauza, abin da yake shiga ya duba teku, ta taɓa ɗigo ukun da ke kusurwa, ta shiga saiti, ta gangara wajen tsaro. Tana tafiya tana karanta masa. An hana shafuka masu faɗowa da kansu. An kunna gargaɗin shafin damfara. An hana saukar da komai sai da lambar sirri. An hana shafuka sanin inda yake. Ta ce, "Wanda ya yi wannan ya zauna ya ɓata lokaci a kai, ba aikin gaggawa ba ne."

Amaro ya ce, "Gidan yari ne."

Na ce, "Rufa mana baki a yi aiki."

Can ƙasa ta kai ga wurin. Zaɓi uku ne a jere: babu wakili, waya ta nemo da kanta, sai wanda aka sa da hannu. Na ukun ne a kunne. Ƙarƙashinsa akwai suna da wasu lambobi. Misis Andrade ta ƙara girman rubutun ta ce, "Ga sunan na'urar. Gaivota. Ka san shi?"

Ni na amsa. Gaivota tsuntsun bakin teku ne, mai bin jiragen kifi yana kuka. Haka yake kiran Idalina tana ƙarama, don duk ranar da jirginsu zai shigo tana can kan gadar tashar jiragen tana tsalle tana ihu tun ba a hango su sosai ba. Ya daina kiranta haka tun ta shiga sakandare ta ce yana ba ta kunya gaban ƙawaye.

Misis Andrade ta ce, "To a gidanta na'urar take. Duk abin da ka buɗe, sai ya bi ta ɗakinta tukuna ya zo maka."

Ya ce a hankali, "Kullum da safe?"

"Kullum da safe."

Ya daɗe yana kallon sunan. Ta ce masa gyaran ba wuya, taɓawa ɗaya ce. Ta kai yatsa kan zaɓin farko, ta ce in ta danna babu wakili, wayar za ta buɗe nan take, ya kalli jirginsa da duk abin da ya ga dama. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan wayar, babban hannun nan da igiya ta cinye.

Ya ce, "Bar shi yadda ta sa."

"Ba za ta yi aiki ba fa, sai an kunna na can."

"Na ji. Bar shi."

Daɗi ya kama ni har na fara shirya irin tsiyar da zan yi masa a mota. Sai kuma wani tunani ya faɗo mini. Na ce, "Misis Andrade, me zai kashe na'urar?"

Ta ce, "Ɗauke wutar nan mana. Wasu ba sa tashi da kansu, sai an danna."

"Ai an dawo da wuta a Taunton tun shekaranjiya, a rediyo na ji. Idalina kuwa ko agogon murhu ba ta bari yana ƙiftawa bayan ɗauke wuta, da tana gida da tuni ta kunna ta."

Muka kalli juna. Saƙon zagin da na bar mata ya dawo mini kalma bayan kalma.

Misis Andrade ta ce, "Sinyor Pimentel, ba wanda ya kira ka kwanan nan?"

"Wayata ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya."

Ta fita daga burauza ta shiga wajen kira. Ta ce, "Ba za ta yi ba. An saita ta duk lambar da ba ta cikin sunayen da aka adana, ta shige shiru." Idalina ce ta yi, saboda ƙaton nan mai tambayar sunan mahaifiya da 'yan uwansa. Misis Andrade ta buɗe wajen kiran da aka rasa. Lamba ɗaya ce ta cika fuskar wayar daga sama har ƙasa, ga saƙonnin murya a jere ba a saurara ba.

Ta danna na farko, ta manta a laburare muke, muryar ta fito kowa yana ji. Mace ce, daga asibiti. Ta ce tana neman Amaro Pimentel. An kawo Idalina Pimentel, ta zame a ƙanƙarar matakalar gidanta ta bugu a kai, maƙwabci ne ya gan ta. Ba ta cikin hayyacinta. Ta ce, "Sunanka ne a rubuce a matsayin firoksinta. Don Allah ka kira mu." A na ƙarshen muryar namiji ce, ya ce sun aika tsohon adireshin da ke takardar an ce ya tashi, kuma akwai shawarar da ba za ta jira da yawa ba.

Amaro ya miƙe tsaye, kujerar ta faɗi baya. Ya ce, "Ashe ni ne ban amsa ba."

Misis Andrade ta riga ta danna lambar, ta gaya musu an same shi, yana hanya. Kafin ta miƙa masa wayar ya ce, "Wannan na kiran, ki buɗe shi. Ɗayan ki bar mata." Ta yi yadda ya ce. Ta raka mu har bakin ƙofa ba ko rigar sanyi.

Ni na ja motar. Na daina hawa babban titi tun da aka yi mini aikin ido, amma ranar na hau, manyan motoci suna watsa mini ruwan gishiri ina zaginsu ɗaya bayan ɗaya. Amaro ya riƙe wayar da hannu biyu a kan cinya. Sau ɗaya ya yi magana. Ya ce, "Na ce mata in na faɗi a bar ni inda na faɗi." Na ce masa ya yi shiru ina tuƙi.

A teburin karɓar baƙi yarinyar da ke wurin ta tambaya ko shi ɗan uwa ne. Ya cire hula ya ce da Turancinsa na jirgi, "Ni ne firoksin."

Idalina tana kwance da bututu a baki, gefen fuskarta ya kumbura ya yi baƙi. Gashin nan an tufke mata shi gefe ɗaya. Likitar, wata doguwar mata mai magana a hankali, ta ja mu waje. Ta ce sun yi abin da gaggawa ta buƙata ba tare da jiran kowa ba. Yanzu jini ne yake taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kai, kaɗan kaɗan. Za a iya buɗewa a cire, akwai haɗari. Za a iya jira a gani ko zai tsaya, shi ma akwai haɗari, ita dai a ganinta haɗarin jiran ya fi. Ta ce, "Amma ba abin da kai kake so nake tambaya ba, Mista Pimentel. Abin da ita za ta so."

Ya ce, "Ban taɓa tambayarta ba."

Likitar ta ce za ta ba mu ɗan lokaci. Muka zauna a benci, kusa da injin sayar da lemo. Ya sunkuyar da kai yana juya hular.

Ya ce, "Kumadre, yaya zan ce a fasa kan mutum ba da saninsa ba? In abin ya ɓaci fa? Ni na ce a yi."

"In ka ce a jira ya ɓaci, kai ka ce a jira."

"To ke me kika gani?"

"Ba sunana ta rubuta ba."

Ya kalle ni kamar zai cinye ni. Na ji zafin faɗar hakan, Allah ya sani, don yarinyar nan a hannuna aka zuba mata ruwan baftisma. Amma ba nawa ba ne in ɗauke masa. Can ya ce, "Ba ta iya zaman jira. Tun tana kan gadar nan ba ta iya ba." Ya tashi ya je ya nemo likitar, ya sa hannu.

An yi aikin a ranar. Likitar ta fito ta ce ya tafi daidai, saura farkawa, wannan kuma ba ta da ikonsa. Washegari, da zaman asibitin ya ishe shi, ya ce in kai shi gidanta ya ba kyanwa abinci. Kyanwar tana gidan maƙwabci, ya sani sarai. Ya watsa gishiri a matakalar tukuna, mai yawa, kamar yana rama wani abu. A ciki ya yi ta dube dube har ya gano abin a bayan talabijin, wani ɗan akwati baƙi da bai kai sabulun wanki girma ba. Ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa ya danna. Fitila ta kawo koriya. Ya buɗe wayarsa, hasashen teku ya fito, iska daga arewa maso yamma, igiyar ruwa tana sauka. Ya zauna a ƙasa yana karantawa, ni kuwa na shige kicin na yi kukana a can.

Ta farka kwana uku bayan aikin. Da farko ido kawai, sai yatsu, sai aka zare bututun. Muryar ta dawo a shaƙe. Ta gane ni, ta ce, "Madrinya," wato uwar baftisma. Na ce mata kar ta kuskura ta saurari saƙonnin wayarta sai na goge nawa. Ta gane shi, ta kafe shi da ido, shi ma ya kafe ta, yana tsaye a ƙarshen gado da kwat ɗin coci da ya kwana uku a jikinsa. Na ce a raina, to fa, za a ɗora daga inda aka tsaya.

Sai ta ɗaga hannu a hankali ta shafa kanta. Ta taɓa bandeji, ta taɓa gefensa, fata ce zalla, rabin kan an aske ƙwal. Ta lalubi ɗaya gefen, an datse shi don ya daidaita. Idonta ya cika.

Ta ce, "Wa ya ce a yi mini haka?"

Ya ce, "Ni."

"Ko tambayata ba ka yi ba, Pai."

Ya zagayo ya zauna a bakin gadon. Ya ce, "Da na tambaye ki da kin ƙi, Gaivota."

Ta rufe ido, hawayen suka gangara ta gefe zuwa kunne, bakinta kuma yana son yin dariya, ciwo ya hana. Ya sa babban yatsa ya goge mata. Da ta buɗe idon sai ta miƙa masa hannu, tafin a sama.

Ta ce, "Ba ni wayar in ga abin da kuka ɓata."

Ya ciro ta daga aljihun kwat ya sa mata a hannu.